Daga WAEC zuwa watan Maris: yadda autanmu ya yi kakarsa ta farko a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka

Tun daren 7 ga Afrilu, 2025, da Jami'ar Florida ta doke Houston da ci 65 da 63 a San Antonio ta ɗauki kofin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka, wayata ba ta huta ba. Ɗan Najeriya, Rueben Chinyelu, na cikin waɗanda suka ɗaga kofin, kuma masu horar da yara a Kano da Zariya da Kaduna sun san autanmu ya gama kakarsa ta farko a wata ƙaramar jami'a a can. Tambayarsu ɗaya ce, ta ina ake bi. Ni na riƙe masa takardu tun daga farko, don haka na ga gara in rubuta sau ɗaya, daki-daki, kada wani ya sha wahalar da muka sha a banza. Ba zan ambaci sunan jami'ar ba, ko na kulob ɗin da ya buga wa a gida. Kuɗaɗen da zan faɗa na 2023 da 2024 ne, kuma ana sauya su, a duba kafin a biya.

Auta ya gama aji uku na babbar sakandare a 2023, ya rubuta WAEC ta Mayu da Yuni. Wani mataimakin koci ne ya gan shi a bidiyon wani sansanin horo, ya nemo lambarmu. Abin da ya fara roƙo shi ne cikakken wasa guda biyu daga farko har ƙarshe, ba gutsattsarin da yara ke haɗawa suna danƙara ƙwallo a kwando ba, domin yana son ganin yadda yaro ke komawa tsaron gida da yadda yake yi idan ya gaji. Bai nemi ko kwabo ba, kuma babu kocin jami'a na gaskiya da zai nema. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya samo wa yaro gurbi, a tambaye shi adireshin imel na makarantar, sannan a duba ko sunan kocin yana shafin ƙungiyar.

Ofishi na farko ba shi da ƙofa, a intanet yake. Hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i, tana da cibiyar tantance cancanta a Indianapolis, kuma babu ɗan wasan da zai taka fili a Mataki na Ɗaya ko na Biyu, wato manyan rukunan gasar jami'o'i, sai ta wanke shi ta fuska biyu: karatu, da tabbacin cewa shi ba ƙwararren da ake biya ba ne. A Oktoban 2023 muka buɗe asusu. Akwai na kyauta, mu ma shi muka fara buɗewa, muka ɓata mako biyu kafin mu gane ba a tantance kowa da shi. Wanda ake buƙata dala 160 ne ga ɗan ƙasar waje. Katin naira bai yi ba, domin a lokacin yawancin bankuna sun rufe biyan kuɗi zuwa waje da shi, sai da muka samu mai katin dala. Bayan biya aka ba shi lamba mai alƙaluma goma. Wannan lambar a tura wa koci nan take, saboda sai makarantar ta sa sunan yaro a jerin waɗanda take nema sannan cibiyar za ta ɗauki fayil ɗinsa da muhimmanci. Fayil ɗin da babu makarantar da ta nema zai iya yin watanni a ajiye.

A takardun karatu muka fi shan ruɗani. Mun zaci sakamakon WAEC ya wadatar. Ashe su lissafinsu na shekara huɗu ne, daga aji tara a tsarinsu, wanda ya yi daidai da aji uku na ƙaramar sakandare a namu. Kenan ana son sakamakon JSS3, da na SS1 zuwa SS3 zango-zango, da shaidar kammalawa, sannan WAEC ko NECO tare da lambar katin duba sakamako don su tabbatar da kansu. Suna ƙirga kwasa-kwasai 16 na asali, a Mataki na Ɗaya ga yadda aka raba su: Turanci huɗu, lissafi uku, kimiyya biyu, ƙarin ɗaya daga cikin waɗannan ukun, ilimin zamantakewa biyu, da wasu huɗu. Matsakaicin makin da ake nema 2.3 ne cikin 4 a Mataki na Ɗaya, 2.2 a na Biyu. Darussan sana'a da na motsa jiki ba sa shiga lissafi, don haka yaron da ya ci A1 a kiwon dabbobi ya sha da ƙyar a lissafi yana cikin hatsari. Tun Janairun 2023 NCAA ta daina neman jarrabawar SAT ko ACT, amma wasu jami'o'in suna nema don kansu. Matsalarmu biyu ce. Auta ya yi ƙaramar sakandare a wata makaranta dabam, kuma sai da na je sau huɗu kafin a tono kundin shekararsa daga sito, aka buga, shugaban makaranta ya sa hannu da hatimi. Ta biyu ta fi ciwo: a fasfo an rubuta Muhammad, a WAEC Mohammed, a takardar JSS3 kuma an gajarta sunan. Sai da muka yi takardar rantsuwa a kotu, makarantar ta ƙara da wasiƙar cewa mutum ɗaya ne. Wata biyu cur wannan ya ci mana. Yaron da makinsa bai kai ba, hanya ba ta rufe masa ba, akwai kwalejojin shekara biyu masu tasu hukumar. Ta nan Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya bi lokacin da ya buga wa kwalejin Bismarck a Dakota ta Arewa.

Sashe na biyu na tantancewar shi ne inda yaranmu suka fi faɗawa rami ba tare da sun sani ba. Ana tambayar yaro duk ƙungiyar da ya taɓa buga wa, da shekarun, da adadin wasanni, da ko ya sa hannu a kwantiragi, da ko an ba shi kuɗi, da ko yana da wakili. Doka ta yarda kulob ya ɗauki nauyin abin da aka kashe na zahiri, kamar mota, abinci, masauki da takalmi. Abin da ya haura haka albashi ne a idonsu, kuma hukuncinsa mayar da kuɗin, ko zaman benci na wasu wasanni, ko rasa cancanta baki ɗaya. Akwai kuma dokar jinkiri: bayan lokacin da ya kamata yaro ya gama sakandare, shekara ɗaya aka ba shi. Idan ta wuce bai shiga jami'a ba kuma ya ci gaba da buga gasa mai alƙalin wasa da jadawali, ana iya cire masa kaka guda kan kowace shekara. Na san yara masu hannu ƙwarai da suka yi shekara uku suna buga gasar ƙasa suna jiran dama, da damar ta zo sai aka tarar shekarunsu sun ƙare a takarda. Auta yana cikin shekararsa ta rangwame, amma ya buga wa wani kulob da ke ba su ɗan alawus a wata. Ya rubuta gaskiya, kuma haka ya kamata, domin sunayen 'yan wasa suna nan a intanet, kuma ƙarya ta fi alawus ɗin tsada. Daga 1 ga Afrilu ake danna neman hukuncin ƙarshe kan wannan sashen ga mai shiga makaranta a watan Agusta. Mun danna, muka ɗauka an gama.

A tsakiyar Afrilun 2024 ya sa hannu a yarjejeniyar tallafin karatu. A kakar 2024 zuwa 2025 kowace ƙungiyar maza a Mataki na Ɗaya gurbi 13 take da shi na cikakken tallafi. A karanta takardar da kyau: kuɗin makaranta, ɗaki, abinci da littattafai suna ciki, amma a tambayi inshorar lafiya da tikitin jirgi a rubuce, kuma a duba ko ta shekara ɗaya ce ko ta fi. Tamu ta shekara ɗaya ce, ana sabuntawa. Samun shiga jami'ar kuwa wani aiki ne dabam da ba ya hannun koci. Ofishin ɗaukar ɗalibai ya sake neman takardun da muka riga muka tura wa NCAA, domin ba sa musayar fayil. Sai da suka amince sannan ofishin ɗaliban ƙasashen waje ya fitar da takardar I-20, wadda da ita ake neman bizar ɗalibi, bayan mun nuna shaidar banki ta ɗan gibin da tallafin bai rufe ba. A ƙarshen Mayu ta iso.

Da lambar da ke saman I-20 muka biya kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje ta gwamnatin Amurka, dala 350, muka cike fom ɗin neman biza na DS-160, muka biya kuɗin biza, dala 185. A lokacin dala tana wajen naira 1,500, kowa ya yi lissafi. Ranar ganawa da muka samu ta faɗo bayan buɗe makaranta. Na yi kwana biyu ban yi barcin kirki ba, sai jami'ar ofishin ɗalibai ta ce mu karɓi ranar tukuna, sannan mu nemi a matso da ita bisa hujjar ranar fara karatu da ke jikin I-20. Haka muka yi, aka ba mu ƙarshen Yuli a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja. Ba a shiga da waya ko jaka, ni ma a waje na tsaya. Ya shiga da fasfo, I-20, rasit biyu, shafin tabbacin DS-160, hoto, wasiƙar tallafi da sakamakon WAEC. An ɗauki zanen yatsunsa, ganawar kanta ba ta kai minti uku ba: wace makaranta, me za ka karanta, wa zai biya, me za ka yi idan ka gama. Na riga na gargaɗe shi cewa bizar ɗalibi yake nema, kada ya buɗe baki da NBA, gasar ƙwararrun Amurka. Da ya fito ya ce, "Yaya, sun riƙe fasfo ɗin." Na ce to alhamdu lillahi, riƙewar ita ce amincewa. Amma jinkirin ya riga ya ci mana abu guda: makonni takwas na bazara da ake yarda ƙungiya ta yi atisaye na awa takwas a mako. Sauran sababbin 'yan wasa tun Yuni suke ɗaga ƙarfe suna koyon tsarin koci, shi kuwa sai tsakiyar Agusta ya sauka. Ba a shiga ƙasar fiye da kwana 30 kafin ranar da ke kan I-20, kuma takardar a hannu ake riƙe ta, ba a akwati ba.

Kafin ya taɓa ƙwallo sai da likitan ƙungiya ya duba shi: zuciya, gaɓoɓi, gwajin ƙwaƙwalwa da za a kwatanta da shi idan ya bugu a kai, katin rigakafi da gwajin tarin fuka. NCAA ta wajabta sanin matsayin sikila na kowane ɗan wasa. Auta AS ne, kamar dubban yaranmu. Wannan ba ya hana wasa, amma yana sauya yadda ake horar da mutum: ana ƙara masa nauyin atisaye sannu a hankali, ana ba shi hutu tsakanin gudu, kuma da zarar ya ji ƙafa ta mutu ko numfashi ya sarƙe dole ya tsaya, domin a matsanancin gudu da ƙishirwa jini na iya lanƙwashewa ya toshe jijiya. Takardar gwajin da muka kawo daga gida ta rage masa jiran mako guda. Bayan likita sai zama da jami'ar kula da bin doka, mutumin da na fi amfana da shi a duk makarantar. Ta lissafa masa abin da ke kore ɗan wasa. Caca a kan duk wasan da NCAA ke gudanar da irinsa haramun ce a dokar wannan kakar, har da ƙwallon ƙafar Ingila da yara ke bugawa a waya. Maganin ƙarin ƙarfi ko na gargajiya ba a sha sai an nuna wa likita. Ko sinadarin da ke cikin kofi da goro yana da iyaka a gwajin fitsari. Sannan maganar kuɗin talla da sunan ɗan wasa, wanda aka halatta tun Yulin 2021: abokan wasansa Amurkawa suna karɓa, shi kuwa bizarsa ta ɗalibi, F-1, ba ta ba shi izinin irin wannan aikin a cikin ƙasar ba, don haka ko hoton talla na gidan abinci kada ya yi sai ya tambaya.

A Satumba wani bashi ya bayyana a asusunsa na makaranta, muka rasa daga ina. Haraji ne. Kuɗin karatu da littattafai ba a cire musu komai, amma ɓangaren ɗaki da abinci ana ɗaukarsa kuɗin shiga, ana cire kashi 14 cikin 100 ga ɗalibin waje, kuma Najeriya ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka da za ta ɗauke masa. Wasu makarantun suna biya wa 'yan wasansu daga wani asusun taimako, wasu ba sa yi. Tambaya ce ta minti ɗaya da ya kamata mu yi tun Afrilu. A watan ne kuma maganar alawus ɗin kulob ta dawo. Cibiyar tantancewa ta aiko tana neman wasiƙa daga kulob ɗin da bayanin abin da aka biya da abin da ya kashe. Doka ta ba ɗan wasa kwana 45 yana atisaye kafin a wanke shi, ban da buga wasa. Kulob ɗin ba shi da rubutaccen lissafi, sakataren kuma ya yi tafiya. Na zauna na lissafa kuɗin mota daga gida zuwa fili, sau nawa a mako, da abinci da takalmi, na haɗa da bayanan banki, na bi shugaban kulob har gida ya sa hannu. Kwana 45 suka cika kafin amsa ta zo, Auta ya yi kwana tara yana zaune a gefe da kayan gida yana kallon 'yan'uwansa. Ranar da aka wanke shi ba tare da sharaɗi ba, kuka ya yi a waya.

Cikakken atisaye yana farawa kwana 42 kafin wasan farko, kuma sau 30 aka yarda a yi a cikinsu. A cikin kaka iyakar awa 20 ce a mako, huɗu a rana, da hutun kwana ɗaya, ana lissafa ranar wasa awa uku. Tafiya, jinya da zaman karatu na dole ba sa cikin lissafin, shi ya sa yaro ke fita shida na safe ya dawo goma na dare. Wanda ya tashi da dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, sai ya sake koyon wasu abubuwa. Rabi biyu ake yi na minti 20, ba zango huɗu ba. Agogon jifa daƙiƙa 30 ne maimakon 24, yana komawa 20 idan ƙungiya ta sake cafke ƙwallonta daga allo. Daga laifin ƙungiya na bakwai a rabi ana ba da jifan da sai ka ci na farko za ka yi na biyu, daga na goma kuma biyu cur. Wadda ta fi wahalar da dogayenmu ita ce ta bakin kwando: a gida da zarar ƙwallo ta taɓa zobe kana iya kaɗe ta, a can kuwa muddin tana saman zoben taɓa ta laifi ne, a ba abokan hamayya makin. Sau biyu aka busa masa wannan a wasan gwaji.

Mako guda kafin a fara, koci ya kira shi ofis kan maganar jar riga, wato ɗan wasa ya yi shekara yana atisaye da karatu ba tare da ya buga ba, don a adana masa kaka. Kowa kaka huɗu gare shi a cikin shekara biyar, kuma a ƙwallon kwando minti ɗaya a wasa ɗaya ya cinye kaka guda. Mafita ɗaya ita ce rauni mai ƙare kaka, wanda ya faru a rabin farko, kafin mutum ya buga fiye da kashi 30 cikin 100 na wasannin, wajen tara zuwa goma kenan. Ni na so ya ɗauka, tunda ya rasa bazara. Amma ƙungiyar dogaye uku kawai gare ta, koci ya ce zai samu minti takwas zuwa goma, shi kuma ya zaɓi ya buga. Har yanzu ina ganin da ya jira da ya fi, sai dai shi ne a wurin.

Ranar 4 ga Nuwamba, 2024, aka buɗe kaka. Wasan ƙarfe bakwai na yamma a gabashin Amurka ƙarfe ɗaya na dare ne a Kano, haka na yi ta zama da waya har Maris. Wanda bai san tsarin ba zai karaya a Nuwamba. Ƙananan makarantu suna zuwa gidan manya a biya su kuɗi su buga, kuɗin da ke riƙe da sashen wasanninsu, kuma galibi da tazara mai yawa ake cin su. Cikin wasa bakwai na farko biyar a waje suka yi. Auta ya kira ni bayan an ci su da maki talatin da wani abu, murya a dushe, na ce masa wannan ba shi ne ma'aunin ba, a jira Janairu. Abin tsoron gaske a Disamba yake, lokacin jarrabawa. Dole ɗan wasa ya kasance yana ɗauke da aƙalla kiredit 12, wato ma'aunin yawan darussan da ɗalibi ya ɗauka, ya ci shida a zango kafin ya buga na gaba, ya tara 24 kafin shekara ta biyu. Idan ya ajiye darasi ɗaya ya sauka ƙasa da 12, a ranar ya rasa cancanta, kuma ga ɗan waje bizarsa ma ta shiga matsala. Wani abokin wasansu da ke cikin biyar na farko bai ci shidan ba, kakarsa ta ƙare a nan, mintunan Auta suka ƙaru. Lokacin hutun Kirsimeti kuma makaranta ta watse, ɗakin cin abinci a rufe, dusar ƙanƙara ta rufe gari, 'yan ƙwallon kwando kaɗai suka rage. Wannan makon ya fi kowane nauyi ga yaron da bai taɓa nisa da gida ba. A riƙa kiransa kullum.

Daga Janairu aka shiga wasannin gamayya, wato rukunin makarantun da suke gasa tare, gida da waje, wasa biyu a mako, yawanci a bas. A kakar 2024 zuwa 2025 iyakar wasannin kaka 31 ne kafin gasar ƙarshe. Makarantu 364 ne a Mataki na Ɗaya a wannan kakar, 68 kawai suka je babbar gasar Maris: 31 zakarun gamayya, 37 kuma kwamiti ke zaɓa, yana duba ma'aunin NET, wato jerin ƙarfin ƙungiyoyi na NCAA, da ingancin waɗanda ka doke. Doke ƙungiyar da ke cikin 30 na farko a gidanka, ko cikin 75 a gidanta, shi ne nasara mai daraja ta ɗaya, ƙaramar makaranta kuwa da wuya ta samu irin wannan damar. Saboda haka a gamayya irin tasu kujera ɗaya ce, ta wanda ya ci gasar gamayya a Maris. Duk wahalar Janairu da Fabrairu neman matsayi mai kyau ne a jadawalin kwana uku ko huɗu. A wannan tsakanin Auta ya gurɗe a idon sawu ya rasa wasa uku, ya dawo, ya gane cewa abin da ke ba dogo minti shi ne tsaro da cafke ƙwallo da rashin tara laifi da wuri, tunda na biyar ke fitar da mutum.

Azumi ya kama ranar 1 ga Maris, daidai ƙarshen kaka. Tun Fabrairu na ce ya sanar da koci da mai kula da lafiyarsu, kada su ji a bakin wani. Ba baƙon abu ba ne a wurinsu, domin a 2023 Adama Sanogo ɗan Mali yana azumi ya ja Jami'ar Connecticut, wato UConn, ta ɗauki kofi, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. An tsara masa sahur mai nauyi da ruwa mai gishirin jiki, aka mayar masa da ɗaga ƙarfe bayan buɗa-baki, ana ajiye dabino da ruwa a benci. Kasancewarsa AS ya sa likita ya fi sa ido kan ƙishirwa, ranakun tafiya kuma ya ɗauki rangwamen matafiyi bayan ya tambayi limamin masallacin garin. Abin da ba mu lissafa ba shi ne sauya agogo da aka yi ranar 9 ga Maris, aka tura shi gaba da awa guda, magariba ta koma tsakiyar wasan yamma. Sun ci wasansu na farko a gasar gamayya, aka fitar da su a na biyu da tazarar kwando biyu. Shi ke nan, wata biyar suka ƙare a dare ɗaya. Ranar Lahadi 16 ga Maris da aka karanta sunayen ƙungiyoyi 68, a ɗaki suka kalla kamar kowa.

Aikin takarda bai ƙare da busar ƙarshe ba. Kowane ɗan wasa ya yi zaman ido da ido da koci, aka gaya masa matsayinsa. Ranar 24 ga Maris aka buɗe rajistar sauya sheƙa har zuwa 22 ga Afrilu, kuma tun 2024 mai sauyawa yana buga wasa nan take idan karatunsa na kan hanya. Kusan rabin ƙungiyar suka shiga. Masu kiran kansu wakilai suka fara damun Auta a Instagram da alkawuran kuɗi. Abin da ba sa faɗa shi ne, da zarar ka sa sunanka makarantarka na da ikon janye tallafinka a ƙarshen zango, ba kowa ke samun sabon gida ba, ba duk darussan da ka ci sabuwar makaranta za ta karɓa ba, kuma ɗan waje sai an mayar da rajistarsa ta SEVIS an ba shi sabuwar I-20. Ya zauna. Sai haraji: makaranta ta ba shi takardar 1042-S a Maris, ya cike 1040-NR da 8843 kafin 15 ga Afrilu.

Wanda yake da yaro a SS1 ko SS2, yanzu ne lokacin. A daidaita suna da ranar haihuwa a fasfo, NIN da rajistar WAEC kafin a rubuta jarrabawa, a karɓi sakamakon JSS3 tun makarantar tana tuna yaron, a ajiye kwafin kowane zango. Duk naira da kulob ya ba shi a rubuta ta da ranarta da dalilinta, a karɓi wasiƙar kulob tun ana ga maciji, kada ya sa hannu a kwantiragi ko takardar wakili. A riƙa ƙirga shekarar rangwame daga ranar gama sakandare. A matsa a samu I-20 a Afrilu domin a kama atisayen bazara, a yi gwajin sikila a asibitin da ke ba da takarda mai hatimi, a ware kuɗin harajin nan da na rigar sanyi ta gaske.

Doka ta ba makaranta har 1 ga Yuli ta sanar da ɗan wasa a rubuce ko ta sabunta tallafinsa, kuma idan ta rage ko ta soke yana da haƙƙin a saurare shi a gaban kwamitin da ba na sashen wasanni ba. Koci ya faɗa masa da baki cewa gurbinsa na nan, amma na ce kada ya sayi tikitin gida sai wasiƙar ta shigo, jami'ar ɗalibai ta sa hannun tafiya a shafi na biyu na I-20, ya kuma duba ranar ƙarewar bizarsa, domin idan ta ƙare yana gida sai ya sake layi a Abuja. Jiya ya kira ya ce, "Yaya, in na zo mako uku kawai zan yi, farkon Yuni za mu koma atisaye." Na ce ya gaya wa Hajiya da bakinsa.